Farin ɗigo a jikin tarwadar tankin gilashi: kafin ka buɗe kwalbar magani

Shekaranjiya na tarar da ɗan ƙanena tsaye a gaban tankinsa na gilashi, kwalbar magani mai ruwan kore a hannu, yana shirin zuba cikakken awon da aka rubuta a jikinta. Kurungunsa guda uku sun fito da fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa musu gishiri. Na riƙe hannunsa, domin da irin wannan kwalbar na taɓa kashe kifi takwas a dare ɗaya.

Laifina na farko shi ne rashin sanin abin da nake yaƙa. Cutar nan wata 'yar ƙwayar halitta ce, Ichthyophthirius multifiliis, masu kiwo na ce mata ik. Ɗigon da kake gani ƙwayar ce ta shige ƙarƙashin fatar kifi tana ci, kuma a can babu maganin da ke isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo cikin tsakuwa, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Su ne ke fitowa suna iyo suna neman kifi, in ba su samu ba cikin kamar kwana 2 su mutu. A wannan ɗan tsakanin kaɗai magani ke kama su. A ruwa mai zafin digiri 25 zagayen kan cika cikin kusan mako guda, a ruwan sanyi kuwa sai ya ja makonni. Ni da na ga ɗigon bai gushe ba washegari, sai na ɗauka magani ya yi kaɗan, na ƙara.

Na biyu shi ne mantawa da cewa tarwada da kurungu ba su da ɓawo a jiki. Magunguna irin su malachite green da formalin da duk wani magani mai sinadarin tagulla suna ratsa fatarsu fiye da ta karfasa. Rabin awo ake fara ba su. Ba wanda ya gaya mini, kwalbar ba ta faɗa ba, mai shagon ma bai sani ba, kuma lokacin babu waya a aljihun kowa. Duk da haka ina da ido. Na ga suna hawa saman ruwa suna haki, na ce cutar ce, alhali maganin ne ya haɗu da ƙarancin iska, domin formalin na rage iskar da ke cikin ruwa. Kuma ban auna tankin ba, kintata na yi. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa a santimita, a raba da 1000, shi ne lita. Tanki mai 60 da 30 da 35 lita 63 ne, in an cire tsakuwa da duwatsu ka ce 55. Ni na lissafa shi a kan 100.

Asalin masifar kuwa kifi biyu ne da na sayo na zuba kai tsaye, har da ruwan ledar. Cikin hunturu ne, ruwan kan yi ɗumi da rana ya yi sanyi ƙarara da asuba, kuma irin wannan hawa da saukar ne ke karya garkuwar kifi. Sanyi ba ya haifar da ƙwayar, shigo da ita ake yi, a jikin kifi ko ganye ko jiƙaƙƙiyar raga.

Ku kuma yaran yanzu, kuna da duk bayanin nan a tafin hannunku, amma bidiyon daƙiƙa 30 kuke kallo ku ce kun gane. To ga abin da za ku yi.

Ka tabbatar ita ce. Tarwada na ɓuya da rana, don haka ka haska ta da tocila da dare, ka duba fiffike da wutsiya da gindin gashin baki. Ɗigon ik ƙanana ne, kusan girmansu ɗaya, kifin na goga jiki da tsakuwa yana naɗe fiffike. Idan abin ya fito kamar auduga, ko baki da fiffike na zagwanyewa, wata cuta ce, kuma ƙara zafi zai hanzarta kashe kifin.

In ita ce, a yi wa tankin gaba ɗaya magani, cire kifi ɗaya ba ya amfani. Ka cire gawayin da ke cikin matatar ruwan tankin, don yana shanye magani. Ka ƙara injin iska kafin ka taɓa hita, sannan ka ɗaga zafi a hankali, digiri 1 kowane 'yan awoyi, zuwa 28 ko 29, don ƙwayar ta yi saurin faɗowa. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, ka haƙura da hitar, ka lulluɓe tankin da bargo da dare. Zafin da ke hawa yana sauka ya fi rashinsa illa.

Gishiri ya fi mini kwalba. Giram 2 zuwa 3 a kowace lita ga tarwada irin tamu, a narkar da shi a bokiti, a zuba kashi uku cikin yini guda. Amma ga Corydoras, ƙananan dangin tarwada da ake shigowa da su daga Kudancin Amurka ba na yarda da shi, kada ka wuce giram 1, ko ma ka koma ga rabin awon maganin da na gama tsoratar da kai a kansa. Zaɓi ɗaya, kada ka haɗa magunguna biyu. Tarwadar da za a ci kuwa, malachite green kada ya taɓa ta.

Kowace rana ko bayan kwana 2 ka zuƙe tsakuwa da tiyo, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda aka kawar wa da kulorin, mai zafi daidai da na tanki. Ka mayar da gishirin ruwan da ka kwashe kawai, wanda ya ƙafe da kansa bai tafi da gishiri ba. Rage abinci.

Ranar da ɗigo ya ɓace ita ce ranar da kuke ajiye komai ku ce an warke, alhali 'ya'yan na ƙasa suna shirin fitowa. Ka ci gaba da aƙalla kwana 5 bayan ɗigon ƙarshe, duka-duka kwana 10 zuwa 14. Sabon kifi kuma ya yi mako 3 a wani tanki ko roba daban, da ragarsa daban, kafin ya ga sauran.