Godiya a Madadin Iyali: An Sallamo Hajiya

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin mahaifinmu da dukkan zuri'ar gidanmu da ke Yakasai, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an sallamo Hajiyarmu daga Asibitin Malam Aminu Kano. Aikin da aka yi mata ya yi kyau, jiki sai hamdala. Alhamdulillahi.

Masu kira da yawa suna tambaya wai me ya same ta haka ta zube, to bari in yi bayani a nan kowa ya ji.

Da nama abin ya fara. Tsoka ɗaya sai ta tokare mata a ƙirji, sai ta kora da ruwa. A hankali tuwo ya bi sahu, biredi ma ya gagara, ta koma daga koko sai kunu. An ce gyambon ciki ne, ta sha magani har ta gaji. Wasu suka ce sammu. Mu 'ya'yanta ciwon daji muke tsoro, amma ba mai iya furtawa. Aka zura mata kyamara ta baki, ba ƙari ba gyambo. A wani wuri ma cewa aka yi Hajiya ta rage tunani, matar da ke kwana da yunwa ga abinci a gabanta!

Shi ya sa, bayan Allah, godiyarmu ta farko ga wata matashiyar likita ce da ta zauna ta saurari Hajiya har ta kai aya, ta ce, "Mama, tunda kin ce a nan yake tsayawa, akwai abin da ke tsayar da shi." Ta sa aka ba ta wani farin ruwa mai kauri, bariyom, ana ɗaukar hoto tana haɗiya. Nan aka ga hanyar abincin ta lotsa a karkace daga baya, alamar wani abu na danna ta daga waje, inda kyamara ba ta gani. Hoton sikanin na jijiyoyi ya fayyace sauran.

Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya takan lanƙwasa a saman ƙirji ta fitar da rassa uku zuwa kai da hannuwa, kuma jinin hannun dama daga reshen farko yake tafiya. Ita Hajiya jijiyar hannun damanta a ƙarshe ta fito, can ta hagu, don haka sai ta ratso ta bayan hanyar abinci kafin ta kai inda za ta. Da haka aka haife ta. Kusan mutum 1 cikin 100 haka halittarsu take, kuma mafi yawansu har su koma ga Allah ba za su sani ba. Kaɗan ne idan shekaru suka ja, jijiyar ta yi tauri, take matse musu hanya. Likitoci na kiran lalurar disfajiya lusoriya. Wani likitan Ingila, David Bayford, shi ya wallafa bayaninta a 1794, game da wata mata da rashin iya haɗiya ya yi ajalinta. Wallahi da na ji wannan sai da jikina ya yi sanyi.

Ba kowa ake yi wa aiki ba. Wasu ƙananan loma da tauna sosai sun wadatar da su. Na Hajiya ya wuce nan. Ta gindin wuya aka shiga, aka raba jijiyar da inda take, aka haɗa ta da jijiyar wuyan dama. Likitocin tiyata da masu ba da maganin barci, Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa zuri'arku albarka. Haka ma'aikatan jinya, musamman na dare, da bayin Allah masu tura gado da masu shara, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba.

Samarin majalisarmu da suka yi layin ba da jini tun kafin a nema, maƙwabtan rumfata a Kantin Kwari da suka haɗa gudummawa a ɓoye, malaman Islamiyyar matan aure da ɗalibansu da suka yi saukar Alƙur'ani, da Liman da bai gaji da sa jama'a addu'a ba, mun gode, Allah Ya bar zumunci. Kawu da ya baro Zariya ya tare da mu, Allah Ya ƙara girma.

Sai matar Yaya Babba. Watanni tana dama kunun gyaɗa tana tacewa, tana niƙa kifi da dankali ta zauna da cokali tana lallashi, ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Hajiya da bakinta ta ce in rubuta cewa wannan ba suruka ba ce, 'ya ce. Ga shi na rubuta.

Yanzu ta fara cin shinkafa mai laushi da ɗan tuwo, nama dai likita ya ce a dakata tukuna. Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, kuma a taƙaita zama, don muryarta ba ta gama dawowa ba. Masu shirin kawo tsire da balangu, a riƙe mana su sai ta koma ganin likita.

Allah Ya ba sauran marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti. Amin.