Daidaita matsin bidiyo da saurin intanet mai hawa da sauka

Na matse bidiyo ɗaya zuwa matakan inganci biyar da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo: 240p a kan kilobit 300 a sakan, 360p a 800, 480p a 1,400, 720p a 2,800, sai 1080p a 5,000. Kowane mataki na yayyanka shi gutsure-gutsure na sakan 6 a tsarin HLS, wato hanyar aika bidiyo ta intanet gutsure-gutsure, domin manhajar kallo ta riƙa ɗaukar wanda layi zai iya kawowa.

Matsalar farko ita ce hoto yana tsalle duk lokacin da aka sauya mataki. x264, manhajar da ke matse hoton, yakan sa babban firam, wato cikakken hoton da sauran ke dogara da shi, a duk inda yanayin hoto ya canza, don haka gutsuren matakan ba sa farawa a wuri ɗaya. Bidiyona firam 25 ne a sakan, sai na sa -g 50, -keyint_min 50 da -sc_threshold 0 a umarnin ffmpeg. Babban firam ya koma faɗowa kowane sakan 2 a duk matakan, tsallen ya ɓace.

Sannan matsakaicin nauyi yana yaudara. Matakin 2,800 yakan kusa ninkawa a wurin da motsi ya yi yawa, kamar ruwan sama ko taron jama'a, kuma a nan bidiyon yake tsayawa cak. Na ɗaure shi da -maxrate da -bufsize, masu iyakance nauyin, na kuma rubuta ƙololuwar nauyin a BANDWIDTH, gurbin da ke faɗa wa manhajar kallo nauyin kowane mataki a jerin gutsuren, ba matsakaicin ba.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne yanke shawarar sauyawa. Da farko nakan auna saurin gutsure na ƙarshe kawai: girmansa a raba da lokacin da ya ɗauka kafin ya sauko. Wannan awo ba ya da tabbas ko kaɗan, musamman a layin waya. Gutsure ɗaya ya zo da gudu, manhaja ta haye 1080p, na gaba ya maƙale, ta faɗo 360p. A ganina wannan kai-komon ya fi 480p tsayayye damun ido. Yanzu ina duba gutsure biyar na baya, ina bai wa masu jinkiri nauyi, kuma kashi 75 cikin 100 na saurin nake yarda da shi. Ina kuma lura da ajiyar da ke gaban mai kallo, wato bidiyon da ya riga ya sauko amma ba a kalla ba tukuna: idan ta yi ƙasa da sakan 10, a sauka nan take, ko da tsallake mataki biyu ne; hawa kuwa sai ta haura sakan 20, kuma mataki ɗaya-ɗaya.

Sauti na ware shi daban a kilobit 64, saboda mutum yana jure hoto mai dishi-dishi, amma da zarar magana ta yanke ya rasa inda aka kwana. Gwaji kuma ba na yinsa a layi mai kyau. Da tc, umarnin Linux mai sarrafa saurin layi, nake shaƙe saurin daga megabit 5 zuwa kilobit 400 a tsakiyar kallo, in ga ko ajiyar za ta ƙare kafin a sauko.