Asabar: ni da yaran Yaya da WALL-E

Yaya ta tafi biki tun da hantsi, ta sauke mini yaranta uku ta ce sai bayan magariba. Da azahar rana ta ƙwalle, babu damar wasa a tsakar gida, sai na shimfiɗa tabarma a falo na kunna musu WALL-E a kwamfuta. Katun ne na kamfanin Pixar, tun 2008 ya fito, wato ya girme su duka.

Kusan rabin sa'ar farko babu wata hira a cikinsa. Mutane sun cika duniya da shara sun gudu sararin samaniya, sun bar wani ɗan mutum-mutumi duk tsatsa, shekara 700 yana kwasar bola yana matse ta yana jerawa. Abokinsa ɗaya, kyankyaso. Inna tana gefe tana tsintar wake a faifai. Ita fa ba ta jin Turanci, ko fim ɗin Indiya sai mai fassara take kallo, katun kuwa shirme take ce masa. Can sai na ji ta ce, "Ke, ɗan juyo da abin nan in gani. Wannan bawan Allah shi kaɗai aka bari?" Da ya buɗe allunansa yana shan rana kuma ta ce ashe shi ma da sola yake aiki.

Inda ya tsinci ɗan akwati da zoben lu'ulu'u a ciki, ya jefar da zoben ya adana akwatin, nan auta ya miƙe tsaye yana ihu: "Anti, wawa ne! Zoben zai ɗauka!" Haka da ya samu wani cokali mai rabin yatsu, ya rasa ko cikin cokula zai sa shi ko cikin masu yatsu. Yaron nan kullum shi ake gyara wa magana, shi ake ce wa bai san komai ba. Yau ya samu wanda ya fi sani, kuma ƙarfe ne ma, wanda ake cewa ya fi mutum lissafi. A ganina nan daɗin finafinan nan yake. Mutum-mutumin ya iya aikin da aka ƙera shi dominsa sarai, amma zaman duniya sai ya koya daga farko, yaro kuwa yana kallonsa yana jin kamar ƙaninsa ne.

Ga kuma fuskar. WALL-E ba shi da baki, ba shi da hanci, idanu ne kawai. Daraktan, Andrew Stanton, daga madubin hangen nesa ya samo siffarsu, lokacin da yake juya shi a hannu a filin wasa. In suka ɗan sunkuya ka san ransa ya ɓaci, ba sai an fassara maka ba. Babbar cikin yaran ta dage cewa Baymax, mutum-mutumin fim ɗin Big Hero 6, na 2014, ya fi shi, domin shi jinya yake yi, yana tambayarka ciwonka ya kai nawa daga 1 zuwa 10. Na ce mata shi ma ai ɗigo biyu ne da layi a fuskarsa.

Kashi na biyu bai kai na farko ba a wajena. Da aka koma jirgin sama jannati surutu da guje-guje suka yi yawa. Amma wurin da aka nuna mutane sun yi ƙiba, suna kwance a kujeru masu shawagi, ido a kan allo, ba sa ko ganin na kusa da su, Inna ta nuna wayar da ke hannuna da baki ta ce, "To, ga ku nan." Na kife ta a kan cinya.

Dab da ƙarshe, bayan EVE, mutum-mutumi mace da WALL-E yake so, wadda yake kira "Iiiva", ta gyara shi ya farka bai gane ta ba, ta tsakiyar ta fashe da kuka sosai. Sai da na rantse mata zai tuna kafin ta yarda a ci gaba.

Sun sa na yi alkawarin The Wild Robot, na 2024, wanda wata mutum-mutumi mai suna Roz take rainon ɗan dinya a tsibiri, sai Asabar mai zuwa. Yaya ta kira ni ɗazu bayan isha'i, wai me na nuna wa ɗanta, tun a Keke Napep yake ta kiran "Iiiva" ya hana kowa sakat.