Laraba: ciyawa uku a ƙarƙashin gilashi

Yau ban yi niyyar shiga makaranta ba, lakca ɗaya ce kuma an ɗage ta. Amma ƙunshi uku na ciyawa sun kwana a jakata, sai na tari adaidaita daga Gadon Ƙaya zuwa tsohuwar BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, na roƙi Malam ya bar ni in zauna a ɗakin gwaji.

Asalin maganar daga Gwaggo take. Ɗanta da ke karatu a Aljeriya ya aiko mata da wata busasshiyar ciyawa, fara sol kamar azurfa, wadda mutanen can ke dafawa su sha saboda tsakuwar ƙoda. Ta kusa ƙarewa, sai Gwaggo ta ce ai ta ga irinta a gefen badala, har ta sa yara sun ciro mata kala biyu. Shekaranjiya ta damƙa min duka ta ce, "Ke da kike karatun ciyayi, duba mana, in ita ce mu huta da jiran saƙo."

A ido kam Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Dukkansu ƙanana ne, dukkansu suna da wasu fararen ɓawo masu sheƙi a wajen furen, siraran gaske kamar ɓawon tafarnuwa.

Ta farko ba ta ba ni wahala ba, don tun kafin in ɗauko gilashin ƙara girman abu ta soke ni a yatsa. Alternanthera pungens ce, wannan mai shimfiɗa a bakin titi da filin ƙwallo, mai maƙale wa silifas. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, danginta su alayyafo, kuma babu ko alamar 'yar farar fatar da ta Aljeriya ke da ita a gindin ganyenta. Na ture ta gefe.

Ta Aljeriya ce ta cinye min safiya. Cewa Paronychia ce ba abin musu ba ne: ganye biyu-biyu suna kallon juna, kowane gindi da farar fata mai tsini, rassa kwance a ƙasa. Amma jinsin yana da iri sama da 100, kuma a Arewacin Afirka kaɗai akwai da dama da suka yi kama har su rikita mutum. Malam ya ce in daina kallon ƙyalƙyalin, in jiƙa kan fure ɗaya a ruwan ɗumi ya yi laushi, in buɗe da allura. Furen kansa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, yana ɓoye can ƙarƙashin ɓawon. Ganyayyaki biyar ɗin da suka rungume shi su ne alƙalai. A Paronychia argentea bakin kowannensu yana lanƙwasowa ciki, gefensa fari ne, sannan akwai ɗan siririn tsinke a bayan lanƙwasar. A Paronychia capitata kuwa kore ne gaba ɗaya, babu lanƙwasa, babu tsinke, kuma wasu sun fi wasu tsawo. Numfashina kawai yana ture furen daga ƙarƙashin madubi, dole na riƙa riƙe shi. Da na samu ya zauna, ga lanƙwasa, ga tsinke, ga farin gefe. A tsakiya ƙwayar iri ɗaya tal cikin 'yar jakarta. Malam ya leƙa ya ce, "Rubuta argentea, amma da fensir, sai mun gwada da samfurinta da aka adana." Halinsa ke nan, ba ya yarda da biro da wuri.

Ya ce ma nawa da sauƙi. A Amurka akwai wasu irin Paronychia biyu, canadensis da fastigiata, abin da ake fara dubawa a raba su shi ne ko karan yana da gashi ko sumul yake.

Ta uku, wadda Gwaggo ta fi sa wa rai, 'yar gida ce. Polycarpaea ce, dangi ɗaya da Paronychia, shi ya sa kamannin. Sai dai a tsaye take fitowa, furenta yana da ƙananan ganyen fure na gaske a ciki, kuma da na fasa kwanson ya rabu gida uku, iri da yawa suka zubo. Ɗaya can, da yawa nan. Magana ta ƙare.

Bayan azahar na kira Gwaggo na ce ba ita ba ce, kada ta dafa ko ɗaya, kuma ciwon bayan da ke damunta gara a je a yi hoton ƙoda. Ta ce, "Oh ni, 'yar nan, duk farin nan na banza ne?" Na ce na banza ne, Gwaggo. Ba ta ji daɗi ba, amma ta ce za ta sa a kai ta asibiti ranar Litinin.

Rigimar da ta rage tsakanina da wata 'yar ajinmu ce. Ta ɗauki hoton ta ukun da manhajar gane tsirrai a wayarta, ta dage Polycarpaea corymbosa ce. Ni na ce Polycarpaea linearifolia ce, domin furannin sun cure wuri ɗaya sun yi dunƙule, na corymbosa kuwa a baje suke a saman reshe. Yaran sun tsinko kawunan ne kawai, ba saiwa ba gindi, kuma an murƙushe su a leda. Mun yi da ita ranar Asabar bayan sallar asuba za mu bi gefen badalar mu ciro cikakkiya, ita za ta zo da tsofaffin jaridu na dannewa, ni in zo da wuƙa.