Yadda na karkatar da harajina zuwa kuɗin makarantar 'ya'yan wasu

Wata Juma'a bayan an idar da salla a nan Phoenix, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofar masallaci da takarda a hannu, ya ce, "Ɗana, kana biyan harajin jiha?" Na ce ina biya mana, Baba, wa ya isa ya ƙi? Ya ce to, zan iya ba da kuɗin ga yaran da ke makarantar kuɗi, gwamnati kuma ta cire mini su daga harajin, dala bisa dala. Na karɓi takardar don kunya kawai, a raina ina cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ashe gaskiya ne. Tun 1997 jihar Arizona ta kafa dokar. Ba makarantar ake miƙa wa kuɗin ba, akwai ƙungiyoyin da jiha ta yi wa rajista, ana ce musu STO, su ke karɓa su raba tallafin karatu, kuma doka ta tilasta musu kashe aƙalla kashi 90 cikin ɗari a kan tallafin. A shekarar haraji ta 2023, mata da miji da ke cike takarda ɗaya suna iya bayar da har dala 1,308. Nan take na tura duka ta intanet, aka aiko mini da rasit.

Kuskurena na farko ke nan. Ban tsaya na duba nawa jihar ke bina ba. Da na kai wa mai cike mana takardun haraji, ta lissafa ta ce harajinmu na jiha a shekarar bai wuce dala 900 ba, don Arizona kashi 2.5 kacal take karɓa, mu kuma albashinmu ba wani mai kauri ba ne. Wannan rangwamen iyakarsa ya share abin da ake binka, ba ya haifar da rara. Sauran dala 400 da ɗoriya ba su ɓata ba, ana iya ɗaukarsu zuwa gaba har shekara biyar, amma a watan nan kuɗin haya suka so su gagare mu. Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, ai ko ba ka san hanya ba ka tambaya." Ban ce uffan ba.

Na biyu, na ɗauka zan iya ware kuɗin ga 'yata idan muka sauya mata makaranta. Doka ta hana. Kana iya ambata makaranta, wasu ƙungiyoyin ma suna barin ka ba da sunan wani yaro a matsayin shawara, amma ban da wanda ke ƙarƙashinka. Dabarar "ka ba ɗana in ba ɗanka" ma an toshe ta. Fom ɗin da ake cikewa don neman rangwamen dai mai lamba 323 ne, kuma abin da ka bayar kafin 15 ga Afrilu ana iya lissafa shi a shekarar da ta gabata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba lissafin ba ne. Da farko ina ji da kaina, wai na yi sadaka. Daga baya na ga ai ko sisi bai fita daga aljihuna ba, kuɗin da za su shiga baitulmalin jiha ne na juya musu akala. Don haka ban taɓa sa su cikin zakkata ba. Kuma 'ya'yana biyu makarantar gwamnati suke zuwa, wadda wannan baitulmalin ke ciyarwa. An yi ta shari'a a kan wannan batu, har a 2011 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce masu ƙalubalantar dokar ba su da hurumin shigar da ƙarar. Kotu ta gama nata, ni dai har yanzu abin na yi mini kai-kawo, musamman idan na tuna wata bazawara a unguwarmu da tallafin nan ne kawai ya bar ɗanta a makarantar Islamiyya.

Bana sai da na ga adadin harajin a rubuce kafin na taɓa katin banki. Na raba abin gida biyu: wani kaso ga ƙungiyar tallafin, dala 400 kuma ga makarantar 'ya'yana, wadda ita ma tana da nata rangwamen a fom mai lamba 322.