Uzungol a watan Agusta: mun biya kuɗi mun kalli hazo

Duk wanda zai je Uzungol, wani gari mai tafki a tsaunukan arewa maso gabashin Turkiyya, in zai hau tsauni ya hau da sassafe. Na nanata wa 'yan uwana ɗalibai da ke nan Turkiyya wannan magana har sun fara tsokanata da ita.

Zuwan ba shi da wuya. Daga Trabzon kusan kilomita 100 ne, ka bi gaɓar Bahar Aswad zuwa garin Of, sannan ka yi kudu ta Caykara, mota na ta hawa. Garin ya haura mita 1,000 daga teku, tafkin kuma zaftarewar ƙasa ce ta tare kogin Haldizen ruwa ya taru. Masallacin nan mai hasumiya biyu da ake ta ɗora hotonsa yana nan a bakin ruwa. Larabawan yankin Gulf ne suka cika garin, allunan shaguna ma da Larabci, don haka ɗan Larabcin islamiyya sai ya fitar da kai.

Ni da Yaya muka je, ya zo min hutu daga Kano. Bayan azahar wani direba ya tare mu, wai zai kai mu Karester, makiyayar da ke can sama, inda ake hango tafkin gaba ɗayansa. Na tambaye shi yanayin saman, ya ɗaga kai ya kalla, ya ce lafiya lau. Kuɗin da ya yanka ba kaɗan ba ne, muka biya.

Ba mu yi rabin hanya ba hazo ya rufe mu ruf. Da muka isa, in ka yi taku goma daga motar ba ka ƙara ganinta. Ƙarar ƙararrawar wuyan shanu kawai muke ji, shanun ma ba mu gan su ba. Ga yayyafi, ga sanyi mai ratsa ƙashi, Yaya kuwa shadda ce a jikinsa, ko rigar sanyi babu, haƙoransa na ta haɗuwa. Ya dube ni ya ce, "Kai, yanzu hazon da muke samu kyauta a Kano shi ka sa na saya da lira?" Direban na jingine da motarsa yana busa taba abinsa.

Abin da ke ci min rai shi ne ya sani sarai. Matar da ke kula da masaukinmu ce ta yi mana bayani da dare: iska mai laima daga teku ce ke bin kwarin tana hawa, rana na yi sai ta zama gajimare ta zauna a kan tsaunuka. Yankin nan shi ya fi ko'ina ruwan sama a Turkiyya, shi ya sa ma shayi ke yi a Rize da ke maƙwabtaka. Ɗan ƙasa ba zai ce bai san wannan ba.

Washegari bayan asuba na fito, sai ga saman tsaunin tarwai, ko ɗigon gajimare babu. Can da hantsi masu saukowa da lema suka fara shawagi a kan tafkin. Na ce wa Yaya mu koma, ya ce ko sisi ba zai ƙara ba.

Sauran hutun ya yi daɗi. Mun zaga tafkin da ƙafa, mun ci kifinsu na ruwan sanyi da ake kira alabalik, da kuymak, wato garin masara da man shanu da cuku. Gidajen abincin bakin ruwa sun fi tsada, ka ɗan shiga cikin gari, kuma ka ji farashi kafin ka zauna. Ka sa rigar sanyi da lema a jaka ko da Istanbul na tafasa ranar da ka taso. Direba kuwa ku yi magana tun a ƙasa: in hazo ya tare hanya za a juyo, kuma rabin kuɗi zai karɓa. In ya ƙi, ka bar shi, motoci ne jere a bakin tafkin.