Asabar a tsibirin Gore

Jirgin ruwan safe na shiga yau daga tashar Dakar, cike maƙil da 'yan makaranta da Turawa masu rataye da kyamara. Tazarar ba ta wuce kilomita 3 ba, tafiyar kamar minti 20, amma a tsaye na yi ta, rungume da kwalin katunan da na bugo jiya. Na masu zanen da ke kan tudun Kastel ne. Kowane kati yana ɗauke da sunan mai aikin, da lambar wayarsa, da layi biyu a kan abin da yake zanawa, da Faransanci da Ingilishi. Tun da aiki ya kawo ni Senegal daga Maradi nake hawa tudun nan ranar hutu, har muka saba, shi ne na ce bari in taimaka da abin da na iya.

Babu mota a Gore, kowa da ƙafarsa yake yawo. Baƙi na sauka, ɗan jagora zai ɗaga hannu, su bi shi zuwa Gidan Bayi. Tarihin cinikin bayi ne ya kawo su, shi ne kuma ya sa UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Suna fitowa jiki a sanyaye, ido na kan agogo kada jirgin komawa ya bar su. Ɗan abin da ya rage na lokacinsu shi masu zane suke rabawa.

Hanyar hawa Kastel itatuwan kuka ne dama da hagu, an rataye zane a tsakaninsu har sama. Wanda ya zo yau zai ga kyau. Wanda ya saba zuwa kuwa ya san rabin zanen abu ɗaya ne ake maimaitawa: dogayen mata da ƙwarya a ka, kwalekwale da faɗuwar rana, ƙofar nan ta Gidan Bayi mai kallon teku. Ban ga laifinsu ba, abin da ke fita da wuri ke nan, kuma akwai bakunan ciyarwa a gida. Amma yana yi mini ciwo, don na ga abin da suke ɓoyewa a ɗaki.

Wajen dattijon da ke zane a bayan gilashi na fi daɗewa. Suwer suke ce wa wannan sana'a. Komai a juye ake yin sa: sa hannu da ƙwayar ido da zanen zobe su ne farko, sai launin tufafi, bango kuma a ƙarshe, domin ta ɗaya fuskar za a kalla. Idan an yi kuskure a farko, ya binnu ke nan a ƙarƙashin fenti. Na zauna ina kallonsa yana jan layin rawanin Shaihu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya a Senegal, da ɗan siririn alƙalami, numfashinsa a riƙe, har ya kai ƙarshen layin sannan ya amsa gaisuwata.

Na miƙa masa katunansa. Ya juya ɗaya, ya sa jikansa ya karanta masa, sannan ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru aikina na tafiya Faransa, ba wanda ya taɓa dawowa ya neme ni da suna." Na ce, "Baba, daga yau duk gilashin da ya fita, kati na manne a bayansa."

Abin da ke faruwa a nan shi ne, baƙo ba ya magana da mai zane. Ɗan jagora ke tsayawa a tsakani, shi ke faɗin kuɗi, shi ke karɓar la'adarsa bayan an tafi. Su ma neman halali suke yi, ba na son a hana su. Sai dai ciniki kan mutu a wurin. Wanda ya rataye zanen a falonsa, abokinsa ya gani ya yaba, ba shi da hanyar cewa ga wanda ya yi, ga yadda za ka same shi.

Bayan azahar wata malamar makaranta daga garin Ciyes (Thiès) ta tsaya, ta bar ɗalibanta suna kallon masu zanen yashi, waɗanda ke shafa gam a katako su zuba yashi kala-kala su kakkaɓe. Ta karanta katin, ta tambayi Baba da Wolof ko yana da wani abu ban da na baƙi. Ya shiga ya fito da gilashin da ban taɓa gani ba: mata a layin famfo da asuba, kowace da bokitinta, ɗaya tana gyara goyo. Ta daɗe tana kallo. Kuɗin ya fi ƙarfinta a yau, sai suka shirya ta ba da rabi ta Wave, manhajar tura kuɗi ta waya, sauran idan albashi ya shigo, gilashin ya jira ta.

Wannan cinikin ya fi mini duk na Turawan yau daɗi. Dakar na can tsallaken ruwa, gidaje sai tashi suke yi, bangayensu fayau ko kuma hotunan kanti da aka shigo da su daga waje. Ana tunawa da masu zanen tsibirin lokacin Dak'Art, bikin baje kolin zane na Dakar da ake yi duk bayan shekara 2, da lokacin Regards sur cours, sa'ad da mazauna Gore ke buɗe tsakar gidajensu a baje zane. Da an watse shi ke nan. Damina ta zo, baƙi su ɗauke ƙafa, iskar gishiri ta riƙa cin abin da aka rataye a waje. Mai saye na gida shi ne zai riƙe su a irin wannan lokaci.

Kafin jirgin yamma na ɗauki hotunan aikin mutum shida a inuwa, don gilashi ba ya son rana a hoto. Gobe in Allah ya kai mu zan jera su da farashi in tura wa abokan aikina ta WhatsApp. Saura matsalar ɗauri: wata ta ce tana son biyu a kai mata Yamai, kuma sai na samo kafintan da zai yi mana ƙananan akwatuna masu soso a ciki kafin in amsa mata.